Ƙishirwar Kankare

Ranar da Hikima ta fara ganin Zaharadeen, kwanon sarki ne a kansa cike da kwaɓaɓɓen siminti, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf. Ita kuma ta fito daga cikin gida riƙe da bokitin ruwan randa da Dada, mahaifiyarta, ta ce a kai wa masu aiki.

"Sannu da aiki," ta ce, idonta a ƙasa.

Ya sauke kwanon, ya dubi bokitin, ya dube ta. "Yauwa, sannu. Wannan namu ne ko na siminti?"

"Siminti ma shan ruwa yake yi?"

"Ai ya fi ni ƙishirwa. Ni in na sha sau ɗaya na gode Allah. Shi kuwa in aka zuba shi, kullum sai an shayar da shi safe da yamma har ya yi ƙarfi. In aka bar shi da rana, fushi yake yi ya tsage."

Ta yi dariya ba ta shirya ba, ta rufe baki da gefen hijabi. Hausarsa da nauyin harshen mutanen Barno, ga tsagar Barebari a kumatunsa. Da ta koma ciki sai ta tarar ta manto moɗa a waje, kuma ba ta ji haushin komawa ɗaukowa ba.

Gidan Malam Bamanga da ke Bolari ya cika ya batse a shekarar nan. Tun da aka tarwatsa Mubi, dangi suka kwararo da yara da ƙullin kaya, har zaure ya zama ɗakin kwana. Shi ya sa Malam Bamanga, wanda 'ya'yansa ke kira Baffa, ya yanke shawarar yin dekin, wato rufin kankare, a kan ɗakunan gaba, a ɗora wasu a sama. Ya ba Oga Timoti aikin, wani tsohon birkila Batangale da suka daɗe da sanin juna. Oga Timoti yana cikin maginan da gwamnati ke raba wa matasa su koyi sana'a a hannunsu, tana ba su ɗan alawus, in sun gama a ba su satifiket da akwatin kayan aiki. Zaharadeen ɗaya ne daga cikinsu. Daga Damboa ya gudo. Mahaifinsa ya rasu a harin da ya kore su, mahaifiyarsa kuwa har yau bai san inda ta faɗa ba. A wani ɗan ɗaki a gidan Oga Timoti yake kwana.

Ginin yana tashi, magana tana tashi tare da shi. Hikima ta cika tambaya. Me ya sa ake ɗaure rodi da waya? Me ya sa ake jiƙa bulo kafin a ɗora? Har ya sa mata suna Injiniya.

Saƙonsa na farko ya shigo wayarta tana tsince shinkafa:

"Injiniyata, yau na ja layin bulo, Oga bai rushe ko ɗaya ba. Ya ce hannuna ya fara hankali. Ban gaya masa cewa ke nake tunawa ba, kar ya ce a ba ki satifiket ɗin."

Ta amsa: "Maginina, ka bar zolaya. Ka ci abinci kuwa?"

"Na ci. Amma tun da na bar gida babu wanda ya yi mini wannan tambayar sai ke."

Ta daɗe tana kallon saƙon. A ranar ta san zuciyarta ta riga ta tafi.

Zaharadeen bai bi ta bayan gida ba. Ya roƙi Oga Timoti ya je ya gabatar da shi. Hikima tana bayan ƙofar zaure lokacin da Baffa ya ba da amsa.

"Timoti, ɗan waye?"

"Malam, yaron nan yana gidana. Ban taɓa ganin abin ƙi a wurinsa ba."

"Ban tambaye ka halinsa ba. Na ce ɗan waye? Wa zan aika Damboa ya bincika mini asalinsa? Garin ma akwai shi? A zamanin nan mutum bai san wanda ke kafaɗa da kafaɗa da shi a sahun salla ba. Ban hana shi aiki ba, ya yi aikinsa. Amma 'yata, a'a."

Da yamma Baffa ya kira ta. Bai ɗaga murya ba, dama ba ya ɗagawa. Mutum ne da kasuwar hatsi duk ta san shi da abu ɗaya: ba ya ƙarya, ko a kan mudu, kuma ba ya son a yi masa.

"Ki yi mini alkawari ba ke ba shi. Ba magana, ba waya."

"Na yi, Baffa," ta ce.

"Misbahu yana nan. Mun san ubansa, mun san kakansa."

Misbahu ɗan aminin Baffa ne, mai shagon wayoyi a babbar kasuwa. Ba mugun mutum ba ne. Amma tun da bam ya tashi a tasha ya ɗauke masa yayansa, ya daina ganin baƙo a matsayin mutum. Yanzu kusan kullum motarsa tana ƙofar gidan, yana kallon masu aikin kamar mai ƙirga su.

Hikima ta riƙe alkawari. Saƙonni suka riƙa shigowa, tana karantawa tana kuka, ba ta amsawa. Na ƙarshe gajere ne:

"Na ga motar. Na gane. Allah ya sa shi ne mafi alheri gare ki, Injiniya. Zan gama muku ginin da kyau."

Ta kifa kai a kan gwiwa. Da zai ce ta ci amanarsa da ya fi mata sauƙi.

Aka zo ranar zuba dekin. Tun safe leburori suke hawa da sauka da kwanukan kankare, ana waƙa ana ihu, har la'asar aka shafe saman sumul. Oga Timoti ya ce Zaharadeen ne zai riƙa zuwa ban ruwa.

Washegari gari ya waye da harbe-harbe. Aka ce mutanen daji sun shigo ta hanyar Kwadon. Jirgin yaƙi ya yi ta shawagi, yara suka shige ƙarƙashin gado. Kafin azahar rediyo ya sanar da dokar hana fita, ba dare ba rana, sai abin da hali ya yi.

'Yan garuwa suka ɗauke ƙafa. Famfo dama ya daɗe da mutuwa. Abin da ya rage a gidan ruwan duro ɗaya ne, ga bakuna fiye da ƙirga. Dada ta sa wa duron murfi ta ɗora dutse, ta ce ko alwala taimama za a yi.

Rana kuwa ta buɗe kamar da gayya. A rana ta biyu Baffa ya hau tsani ya duba, Hikima ta bi shi a baya da sunan kwaso shanya. Fuskar kankaren ta yi fari fat, ga 'yan tsage-tsage sirara kamar gashi sun bazu ko'ina.

Baffa ya shafa da tafin hannu ya girgiza kai. "Abin da na tara ke nan na zuba a nan. Misbahu ya gaya mini kar in yarda da 'yan koyo. Ga shi."

Hikima ta sauko. A ranta ta ga komai: dekin ya lalace, an ce aikin ɗan gudun hijira ne, an kore shi daga shirin koyon, ya rasa sana'ar da ita kaɗai ce za ta iya ba shi suna a garin da ba shi da kowa. Ta shiga bayi da waya a cikin hijabi, ta karya alkawarinta.

"Maginina, dekin yana tsagewa. Baffa ya ce laifinku ne. Ban taɓa son Misbahu ba, alkawari aka sa ni. Don Allah ya zan yi?"

Amsa ta zo nan take.

"Alhamdu lillahi da na ji muryarki ko a rubuce. Ki samo tsofaffin buhuna ki jiƙa ki shimfiɗa a kai."

"Babu ruwa. Na shan yara ne kawai ya rage."

"Kar ki taɓa na yara. Akwai rijiya a gidan Oga. Ki bar mini."

Sai a lokacin ta gane abin da ta yi. Ta rubuta, "Kar ka fito!" Ta sake rubutawa. Ta kira, ba a ɗauka ba. Ta sake kira, wayar a kashe.

Da aka sassauta dokar, Misbahu ne ya fara shigowa da labari, yana haki.

"Baffa, kun ji yaron nan na Timoti? Jami'an tsaro sun kama shi a shingensu na mahaɗa, yana tura kura cike da jarkoki, gari tsit babu kowa. An ce fetur ne. Nan ya nufo, Baffa! Gidan nan!"

"Ruwa ne!"

Kowa ya juyo. Hikima ce tsaye a bakin ƙofa, ba ta ma san ta yi magana ba.

Bayan Misbahu ya fita, ta durƙusa a gaban mahaifinta. "Ni na kira shi, Baffa. Na ce masa dekin yana tsagewa. Ruwa ya ɗebo mana."

"Kin yi mini alkawari."

"Na yi. Na karya. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama, amma shi bai yi komai ba. Baffa, ka san waɗanda ake kamawa irin haka, da tsaga irin tasa, ba a cika ganinsu ba kuma."

Baffa ya miƙe ya shiga ɗaki.

Oga Timoti ya yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan har takalminsa ya tsinke. Ya zo ya duba dekin ma, ya ƙwanƙwasa da guduma, ya sa aka kwarara masa ruwa. Ya ce tsagewar ta fuska ce kawai, cikin lafiya lau, ɗan shafe zai rufe ta. Wannan magana ta fi komai yi wa Hikima ciwo. Ashe a kan abin da bai kai ya kawo ba ta tura bawan Allah bakin mutuwa. Ta daina cin abinci. In Dada ta matsa mata sai ta kurɓi kunu ta ajiye. Kullum tana rubuta saƙo zuwa wayar da ta san a kashe take.

"Maginina, dekin bai lalace ba. Ni ce na lalata komai. Ka yafe mini."

Daga ƙarshe Oga Timoti ya gano inda ake tsare da shi. Ya zo zaure ya zauna, hularsa a hannu.

"Sun yarda ruwa ne, Malam, sun zubar sun gani. Amma sun ce wanda ya karya doka a rana irin wannan, sai wani nasa ya tsaya masa. Na ce ni ne ubangidansa. Suka ce ubangida ba dangi ba ne, kuma ni da shi ko addini ba mu haɗa ba, me na sani a kansa? An ce gobe za a kwashe su a mota zuwa wani wuri. In aka kai shi can, shi ke nan."

"To ni me zan ce musu, Timoti? In ce na san shi? Ban san shi ba. In na tsaya masa, gobe aka gano wani abu, ni da gidan nan duka mun shiga. Yara nawa ke kwana a nan?"

"Gaskiya ne."

"In kuma na zauna, aka tafi da shi, a kan ruwan da ya ɗebo wa ginina..." Bai ƙarasa ba.

Dada ce ta yi magana daga bayan labule, abin da ba ta taɓa yi ba in da baƙo. "Malam, 'yan uwanka na Mubi da suka zo, wa ya tambaye su takarda? Da a wani gari suka faɗa, su ma ba 'ya'yan kowa ba ne."

Da safe Baffa ya sa babbar riga, ya bi Oga Timoti.

Hikima ta wuni a kan sallaya. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Gab da magariba ta ji tsayuwar Keke Napep a ƙofar gida. Ta leƙa ta kafar ƙyaure. Baffa ya fito, Oga Timoti ya fito, sannan suka kamo wani suka sauko da shi a hankali. Ya rame, an aske masa kai, yana ɗingishi. Amma shi ne. Ta toshe bakinta da hannu biyu, ta zame ta zauna a ƙasa.

Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Baffa ya wuce ciki yin alwala, fuskarsa a ɗaure. Dada ta kawo fura ta tsaya daga ƙofa, Hikima a bayanta. Oga Timoti ya rage murya.

"Hajiya, yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Babban nasu ya tambayi Malam, 'Ka san shi?' Malam ya ce, 'Yana aiki a gidana.' Ya ce, 'Ban tambaye ka aiki ba. Mene ne shi a wurinka? In ba kowanka ba ne, tashi ka ba mu wuri.' Ga motar can an tayar da ita. Har na ce a raina shi ke nan. Sai kawai na ji Malam ya ce, 'Surukina ne. Na ba shi 'yata.' Mutumin ya ce, 'Ka rantse?' Malam ya ce, 'Wallahi.'"

Dada ta saki salati. Hikima ta ji kamar ƙasa ta juya da ita. Baffan da bai taɓa rage mudu ba, shi ne ya rantse a kan abin da babu.

Bayan sallar magariba Baffa ya dawo zauren. Zaharadeen ya yunƙura ya durƙusa duk da ciwon ƙafarsa.

"Baba, ka saye mini raina, ba ni da abin biya. Amma maganar da ka yi a can, na san don ceto ka yi ta. Ban riƙe ka da ita ba. Malamai sun ce akwai kaffara. Ni zan yi azumin ma in ana karɓa. In ƙafata ta warke zan roƙi Oga ya mayar da ni wani aikin, ba za ka ƙara ganina a layin nan ba."

Hikima ta dafe ƙirji a bayan ƙofa. Wane irin mutum ne wannan, ana miƙo masa yana turewa?

Baffa ya daɗe yana jan carbi.

"Tun a hanya nake auna abin nan," ya ce. "Na tambayi kaina, Bamanga, ƙarya ka yi ko gaskiya? In na ce ƙarya ce, na rantse da Allah a kan ƙarya da furfurata. In na ce gaskiya ce, to yaushe na ba ka ita ban sani ba? Sai na tuna, lokacin da mutumin nan ya ce in rantse, na jira zuciyata ta hana ni. Ba ta hana ni ba." Ya ajiye carbin. "Na ce ban san asalinka ba, har yanzu ban sani ba. Amma yanzu na ba ka hanyar da za ka ɗaure ni da bakina, ka ƙi bi. Wannan ya ishe ni bincike. Ba don rantsuwa zan ba ka ba. Hikima!"

Ta fito tana tuntuɓe da zaninta.

"Na san kina nan, ai ƙofar nan ta gaji da kunnenki. Kin karya mini alkawari, wannan tsakanina da ke ne, za mu yi maganarsa. Yanzu tambaya ɗaya: kina son sa?"

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Da baki ake amsa wa uba."

"Ina son sa, Baffa."

Oga Timoti ya buga tafi. "Yesu mai ceto! To ni ne uban ango, kowa ya sani!"

Misbahu bai zo ɗaurin aure ba. Amma ana gobe biki ya aiko da sabuwar waya a kwali, ya ce a ba angon, tunda tasa ba ta dawo daga inda aka tsare shi ba. Bai haɗa da wata magana ba, su ma ba su nema ba.

Masu shirin koyon sana'a sun so sallamar Zaharadeen saboda kamun da aka yi masa. Oga Timoti ya je ya zauna musu a ofis, ya ce in za a kore shi a haɗa da shi da sauran yaransa duka. Aka bar shi ya ƙarasa. Bayan ya karɓi satifiket da akwatin kayan aikinsa aka sa rana.

An ɗaura auren ranar Juma'a a ƙofar gidan Malam Bamanga. Limamin unguwa ne ya karɓa wa ango, Oga Timoti kuma yana gefe cikin sabuwar shadda yana raba goro da alawa kamar shi ya haife shi. Ana shafa fatiha saƙo ya shigo wayar amarya, tana zaune cikin ƙawaye da lalle a hannu:

"Matata. Na rubuta ne kawai in ga yadda kalmar take."

Da aka zo tafiya da ita, aka kai ta gaban Baffa ta durƙusa. Ya sa aka kira angon ma, ya durƙusa a gefenta. Ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kafaɗarsa.

"Hikima, na yafe miki, duniya da lahira. Kai kuma, Zaharadeen, daga yau in wani ya tare ka a hanya ya ce kai ɗan waye, ka ce masa ɗan Bamanga ne na Bolari, ya zo ya tambaye ni. Allah ya haɗa ka da mahaifiyarka tana raye. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ƙasarmu. Ku tashi ku je, Allah ya yi muku albarka."

Zaharadeen ya buɗe baki zai yi godiya, sai gidan duka ya riga shi da amsawa: "Amin."